Mai duba hatimin ma sai an duba shi

Mu uku ne a shagona da ke Garwa, a arewacin Kamaru. Muna saka manhajoji a kwamfutocin makarantu da kantunan magani, daga cikin gari har Gidar da Figil. Yawanci Debian ko Ubuntu muke sakawa, wato manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, don babu kuɗin lasisi, kuma tsofaffin injinan da ake kawowa daga Duwala suna ɗaukarsu ba wahala. Data na da tsada, saboda haka cikin dare muke sauke kunshin manhajojin sau ɗaya, mu zuba a faifan ajiya, a ɗora a babur.

Abin da ke sa na yarda da kayan da suka bi ta hannu da yawa haka shi ne hatimin dijital. Masu Debian suna sa hannu a kan jerin kunshin manhajojin da mabuɗinsu na sirri, APT kuma, wato manhajar da ke sauke kunshin ta saka su, ya duba kafin ya saka komai. Ko harafi ɗaya aka taɓa, ya ƙi.

To amma shi APT ɗin ma manhaja ne, mutum ya rubuta shi. A watan Janairun 2019 Max Justicz ya nuna cewa wanda ya tsaya tsakaninka da rumbun Debian zai iya karkatar da APT zuwa wani adireshi, ya cusa layukan ƙarya cikin amsar, har APT ya karɓi jabun kunshi ya saka shi da cikakken iko a kan injin. Wurin da ya fi ɗaure kai shi ne, gyaran ma ta cikin APT ɗin zai zo. Sai da Debian ta ce a kashe bin karkatarwa tukuna, sannan a sabunta. A 2018 kuma Marcus Brinkmann ya gano wata ɓaraka a GnuPG, manhajar sa hatimin dijital da duba shi: a sunan fayil ake ɓoye rubutu mai kama da sanarwar cewa hatimi ya inganta, manhajar da ke karanta amsar ta gaskata. An toshe ta a GnuPG 2.2.8. A duka biyun ba wanda ya fasa lissafin hatimin. Mai gadi aka ruɗa a bakin ƙofa.

A Turai gyara kan isa cikin kwanaki. A nan kwamfutar kantin magani tana iya shekara ba ta ga intanet ba. Wayoyi sun fi muni. Wata ɓaraka ta 2017 da ake kira Janus ta shafi Android 5.0 zuwa 8.0, inda ake liƙa wa manhaja wani abu daban ba tare da tsohon salon hatiminta ya lalace ba, kuma irin waɗannan wayoyin har yau suna hannun mutane, ana tura musu manhajoji ta Xender.

Shi ya sa duk injin da ya shigo, APT da GnuPG muke fara sabuntawa. Sabon mabuɗin duba hatimi kuwa sai na gwada lambar shaidarsa ta layin Orange, na sake gwadawa ta MTN. Babban yaƙina da yaran shago ne. Ƙaramin batirin agogon tsohuwar kwamfuta ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, APT ya ce lokacin jerin bai yi ba tukuna. Sai yaro ya ce, "Maigida, na ga yadda ake kashe binciken, minti ɗaya an gama." Nakan miƙa masa sukuddireba da sabon batiri. Na hana kashe binciken a shagona ko da mai kaya yana tsaye a kanmu.

Wannan aikin ba ya nunawa a allo, don haka kuɗinsa ke jawo gardama. Wani Alhaji mai kantuna biyu ya nuna layin a takardar kuɗi ya ce, "Malam, ai injin na aiki, me kuma ka gyara?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafin magungunanka da bashin mutane duk a ciki suke." Ya biya, amma ya ce in rage masa kuɗin man babur, na rage.