Kafin a tara kuɗin gyaran rufi

Shekara biyu a jere muna liƙe rufin zauren taron ƙungiyarmu, amma duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi sai tabo ya sake fitowa a silin, daidai inda aka gyara. Da aka sa ni cikin kwamitin gyara, abin da na fara roƙa shi ne kada a karɓi kuɗin kowa sai mun gano ainihin inda ruwan yake shiga.

Dalilina shi ne, inda ruwa yake ɗiga ba lallai ne ta nan ya shigo ba. Yakan shiga ta ramin ƙusa, ya bi jikin katako ya gangara, sannan ya sauka a wani wuri can nesa. Saboda haka muka kashe wutar ginin, domin akwai wayoyi a saman silin, muka leƙa ciki da tocila da rana, muka sa alli a duk inda haske yake ratsowa ko katako ya yi baƙi. Bayan nan kafinta ya hau da tiyo yana zuba ruwa daga ƙasan rufin zuwa sama, sannu a hankali, wani kuma yana ciki yana lura. Idan aka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba za a bambance komai ba.

Kwanon kansa bai lalace sosai ba. Matsalar tana wajen robar ƙusoshi da rana ta cinye, da mahaɗar rufi da bango, da kuma indararon da ganye ya toshe har ruwa yana komawa baya. Mutane suna raina indararo, alhali milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce cif. Rufi mai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 25, lita 5,000 ce za ta nemi hanyar sauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne katako. Mun riƙa danna shi da tsinin sukudireba, kuma a wurare da dama ya nutse, saboda laima ta ruɓar da shi, gara kuma ta samu shiga. Ɗora sabon kwano a kan irin wannan katako asara ce, domin ƙusa ba za ta kama ba, iska kuma tana iya yaye rufin mutane suna ciki. Idan ginin tsoho ne, a tabbatar ko silin ɗin na asbestos ne kafin a fasa shi, saboda shaƙar ƙurarsa tana jawo ciwon daji.

Da wannan bayani muka raba aikin gida biyu. Na gaggawa shi ne share indararo da shimfiɗa tamfol a inda ya fi yoyo. Babban aikin, wato sauya katako da ƙusoshi da gyara mahaɗar bango, mun ajiye shi sai ruwa ya ɗauke. Mun ba masu gyara uku jerin aiki iri ɗaya tare da hotuna, muka nemi kowa ya rubuto ƙiyasinsa yana raba kuɗin kaya da na aiki, sannan muka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda ɓarnar da ba za ta bayyana ba sai an ɗaga kwanon.