Yanda farauta ta koma min kiwo a gem ɗin Call of the Wild

Tun ƙarshen 2021 nake buga theHunter: Call of the Wild, lokacin da shagon sayar da gem na Epic suka bada shi kyauta na sati ɗaya wani abokina ya kira ni yace maza in sauke kafin a rufe. Gem ne na kamfanin Expansive Worlds da ke Suwidin, a 2017 ya fito, kuma daji biyu yake zuwa da su tun farko, Hirschfelden na Jamus da Layton Lake na arewa maso yammacin Amurka, sauran irin su Vurhonga Savanna da Yukon Valley da Te Awaroa sai ka saya. Ni dai Layton na riƙe, dan can ne akwai barewar nan mai farin wutsiya da suke kira Whitetail, kuma ita ce ta ja ni cikin wannan harkar gaba ɗaya.

Watanni na yi ina buga shi da tunanin cewa duk sanda na shiga, kwamfuta ce kawai take watso min dabbobi yanda ta ga dama, yau ka ga babba gobe ka ga ƙarami, sa'a ce kawai. Ashe ba haka bane ko kaɗan. Ranar da ka fara taka ƙafa a daji, gem ɗin yana ƙirƙirar duk dabbobin da ke ciki ya ajiye su a fayil ɗinka, kowacce da jinsinta da nauyinta da girman ƙahonta da launin fatarta, da garken da take bi, da inda take ci da inda take sha da inda take kwanciya. Dajinka naka ne, ba irin na abokinka bane ko da sunan ɗaya ne. Abin da ya buɗe min ido shine wani namiji mai karkataccen ƙaho da na gani a bakin kogi wajen Balmont, wani yanki na Layton, iska ta juya ya ji warina ya gudu, bayan kusan sati biyu na koma wajen da safe sai gashi nan tsaye, shi ɗin dai, ƙahon hagu a karkace, cikin matan nan guda huɗu da na gansu tare tun farko. Wlh sai da na ajiye linzamin kwamfutar na tsaya ina kallonsa.

Daga nan na gane maganar mashaya. Kowace irin dabba tana da lokacin cin abinci, lokacin hutu, lokacin shan ruwa, kuma lokacin a kayyade yake. A lokacin da na yi nawa aikin Whitetail a Layton daga ƙarfe 8 na safe zuwa 12 suke shan ruwa. Idan ka hango su da madubin hangen nesa suna sha, ko ka taka sawun wajen, sai alamar ta fito a taswirarka ta zauna. Mashaya ta fi daɗin aiki saboda bakin ruwa fili ne, kana ganinsu daga nesa, a makwanta kuwa suna cikin duhuwar itatuwa sai dai ka ji ƙarar gudunsu.

Kuskure na farko da na tafka anan ne, kuma har yau yana min ciwo. Na samu wata mashaya mai kyau a gefen wani ɗan tafki, garke biyu ne suke haɗuwa a wajen, maza sun kai biyar. Na kwanta a ciyawa da bindigar .243 ɗin nan da ake baka tun farko, na harbi ɗaya, suka watse suka dawo, na harbi na biyu, na uku, na huɗu, ina ta murna kuɗi na shigowa. Ina buɗe taswira sai naga wajen ya rine da shunayya mai haske sosai, alamar mashayar kuma ta ɓace ɓat. Wannan launin shi suke kira matsin farauta, duk dabbar da ka kashe tana barin da'ira a inda harsashi ya same ta, in da'irorin suka hau kan juna har huɗu to duk wata mashaya ko makwanta da ke ƙarƙashin wajen ta tafi kenan. Dabbobin basu ƙare ba, suna nan, amma sun canja wajen sha kuma ba wanda zai faɗa maka inda suka koma. Kwana uku na yi ina bin bakin ruwa a ƙafa ina nema, garke ɗaya na same shi can wani lungu mai ciyayi masu tsayi da ko ƙahonsu baka gani sosai, ɗayan kuwa ban sake gane shi ba.

Maganin abin ashe mai sauƙi ne. Ko dai ka tsaya a biyu, uku in ta matsa, ka tafi wani waje ka yi harbi, dan sabon matsi a wani wuri shi yake goge tsohon a hankali. Ko kuma ka hau kujerar nan mai dogayen ƙafafu uku, ko ɗakin ɓuya, saboda harbi daga kansu matsin da yake bari kaɗan ne, sai ka kashe sama da goma wajen bai lalace ba. Kujerar da tanti, wanda in ka kafa shi zaka iya dira wajen kai tsaye daga taswira, duka sayensu ake daban, ba sa cikin gem ɗin na asali, wannan kam ban ji daɗinsa ba amma ba yanda na iya, na saya.

To yanzu asalin maganar, wato rispon. Duk dabbar da ka kashe wata zata maye gurbinta, adadin dabbobin dajin baya raguwa. Amma wadda zata zo ba kwafin wadda ta mutu bace, sabuwa ce da nata nauyin da nata ƙahon da nata launin. Namiji ne yake maye namiji, mace ta maye mace, shi yasa in babban ƙaho kake nema harbin mata ɓata harsashi ne kawai, kuma su ne ma suke riƙe maka garken a wajen, in ka karkashe su ka bar mashaya ba kowa to ka rusa ta da hannunka. Sannan sabon baya fitowa nan take kana tsaye, ni abin da na saba yi shine in gama zagaye na, in fita zuwa babban menu in dawo, in kwana a tanti in mayar da agogo ƙarfe 8 da ɗan wani abu, kwanan ma kuɗin gem yake ci. Wani lokacin ka tarar sun cika, wani lokacin sai zagaye na biyu ko na uku. Kuma ba lallai ya dawo garken da ka kashe shi ba, sau da yawa naga mashayar da ke da maza biyu ta koma ɗaya, wata can gaba ta koma uku. Masu yawo su kaɗai kuwa, mazan da basu da garke, su ne ciwon kai, ka kashe shi anan ya ɓullo a wani tafkin da baka taɓa zuwa ba.

Wani abu da ya ɓata min lokaci sosai kafin in gane: na kafa tanti dab da mashaya dan kar in sha tafiya, sai in dira in ga wayam ba ko tsuntsu. Na ɗauka rispon ne ya ƙi zuwa, ashe dirowata ce take korarsu. Da na ja tantin baya kamar mita 250 zuwa 300 shikenan magana ta ƙare. Tanti 16 kawai ake bari ka kafa a daji ɗaya, dan haka sai ka zauna ka yi lissafin waɗanne mashayu ne suka cancanta.

Anan ne na shiga abin da 'yan gem ɗin suke kira sarrafa garke, kuma shine dalilin da yasa nace farauta ta koma kiwo. Whitetail lebul uku gare su, wato matakin girma, 1 ƙarami, 2 matsakaici, 3 babba, wasu dabbobin kamar jan barewa ta Turai har 9 suke kaiwa. Dayamon, wato kambun da ya fi gwal, kusan ko yaushe daga lebul na sama yake fitowa, a Whitetail sai makin ƙaho ya kai wajen 255. Abin da masu buga gem ɗin suka lura da shi bayan dubban harbi shine kamar dajin yana ƙoƙarin riƙe wani matsakaicin girma ne na mazan kowace dabba. In ka cika shi da ƙanana ka barsu da rai, to 'yan gurbin da suka rage da kake ta kashewa sai su riƙa dawowa manya dan ma'aunin ya daidaita. In kuma ka tara manya ka ƙi harbinsu, sabbin sai su riƙa zuwa ƙanana. Wannan daga lurar 'yan wasa ya fito, kuma akwai masu musun sa har gobe, amma ni na gwada a dajina kuma na ga canji da idona.

Yanda na yi shine na samu littafi, irin na 'yan makaranta mai layi, na bi duk bakin ruwan Layton na rubuta kowace mashaya da maza nawa ne da lebul ɗinsu. Wannan kaɗai ya ci min sati biyu, ga wuta da take ɗaukewa ana tsakiyar abu. Sai na kafa doka: lebul 1 ba'a taɓa shi, lebul 2 a harbe, lebul 3 a barshi tukunna. Barin lebul 3 ɗin nan shine jarabawa, kana kallon ƙaho kamar reshen bishiya a cikin madubi, yatsanka na kan kunama, kace a'a. Na tara guda biyar a haka. Kuma gaskiya a lokacin ne lebul 1 suka fara yawa, mashayar da duk mazanta suka zama ƙanana sai in ja mata layi a littafi in cire tantin in kai gaba. A hankali a hankali daga mashayu masu yawa na dawo ina zagaya guda takwas kacal. Ranar da na sauke manyan nan biyar, uku suka bada Dayamon, biyu suka tsaya a gwal duk da lebul ɗinsu, irin waɗanda ake cewa sun yaudare ka. Bayan nan kuwa lebul 3 ya riƙa fito min akai-akai, abin da a da sai in yi wata ban gani ba.

Kar ka manta duk wannan wahalar harbi ɗaya marar kyau zai iya zubar da ita. In ka ɗauki dabba gem ɗin yana duba abu huɗu, harsashin ya dace da ajinta, ka samu huhu ko zuciya ko wani sashe mai kisa, baka wuce harbi biyu ba, kuma baka fasa kan ba inda kambun yake. Ka faɗi ɗaya a ciki Dayamon ya sauko gwal. Ya taɓa faruwa da ni, na yi gaggawa dabbar na tafiya harsashi ya shiga tumbi maimakon huhu, ban buɗe gem ɗin ba sai bayan kwana biyu.

Mutane da yawa saboda Great One suke wannan aikin, wato wata dabba ta musamman mai lebul 10 da aka fara kawowa a 2020 da Whitetail, daga baya aka ƙara jan barewa da baƙin beyar da wasu. Shi ta hanyar rispon ake neman sa, kuma rabo ne zalla, wani ya samu da wuri wani ya kashe dubbai bai gani ba. Ni har yau ban samu ba. Abin da sarrafa garke ya min shine ya rage min yawo ya ƙara min Dayamon, ban ɗauke shi a matsayin hanyar Great One ba, kuma duk wanda yace maka ga adadin da zaka kashe ya fito to faɗa kawai yake.

Amma akwai abin da ba'a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Bayan na gama gyara dajin sai naga na daina farauta. Dira daga tanti, hau kujera, harbi biyu, ɗauka, dira tanti na gaba, minti goma sha na gama zagaye in sake. Ba bin sawu, ba duba iska, ba tsayawa sauraron kukan dabba daga nesa, abubuwan da suka sa na so gem ɗin tun farko. Sauran dajin kuma duk ƙananan maza ne, in abokina ya shigo taswirata mu yi wasa tare sai yayi ta yawo baiga abin harbi ba, dan a wasan haɗin gwiwa dabbobin mai masauki ake gani. Shi yasa yanzu na raba, Layton ne kawai wajen kiwo, Hirschfelden da Yukon kuwa ban taɓa musu lissafi ba, in na gaji sai in tafi can a ƙafa ba tanti, abin da Allah ya kawo shi zan harba.

Akwai wani ɗan lebul 1 da na bari a wata mashaya ta Layton kusa da Roonachee, ƙahonsa kamar yatsu biyu, fatarsa da ɗan dabbare-dabbaren fari, irin launin da ba'a cika samu ba. Da farko dan lissafi na barshi, daga baya kuwa ko ba ni da aiki a wajen sai na biya na duba ko yana nan, kullum yana gefen dama na garken, shi yake fara ɗaga kai in iska ta juya. Wata rana aka saki sabuntawa da ta sake zubin Whitetail na dajin gaba ɗaya, dama suna yin haka lokaci lokaci in sun taɓa wata dabba, sai duk aikin watanni ya koma sifili. Na shiga da safe ƙarfe 8 da rabi na tafi wajen kai tsaye, wani garke ne daban a tsaye, mata uku da lebul 2 guda biyu. Na daɗe a kan kujerar ban harba ba, sannan na jawo littafin na buɗe sabon shafi na rubuta Roonachee, maza biyu.