Hannun wa take? Abin da na koya a hidimar attajirin da ya zama ɗan majalisa

A arewacin Kamaru, in jam'iyya tana neman wanda za ta tsayar takarar majalisar dokoki a ƙaramin gari, sau da yawa kasuwa take fara leƙawa. Attajirin gari ya san kowane ƙauye ta bakin yaran da suke awon hatsi da sunansa a can. Yana da motar kai mutane taro, yana da abin ciyar da su, kuma magidanta da yawa sun taɓa cin bashinsa da bazara suka biya da kaka. Malamin makaranta zai iya fin shi boko, amma da wuya ya fi shi jama'a.

Haka aka yi da maigidana, wanda duk garinmu Alhaji kawai ake ce masa. Garin namu yana tsakanin Garwa da iyakar Najeriya. Na shiga hidimarsa ne a matsayin mai rubuta lissafin kanti bayan na gama sakandare. Da kaka yakan sayi gyaɗa da wake da masara a kasuwannin ƙauye, a loda su zuwa Ngawundare inda jirgin ƙasa yake kwasa ya yi kudu da su. Yana sauko da siminti daga Figil, yana shigo da atamfa da robobi da kayan gyaran babur daga Mubi. Naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗaya. Yakan ba mu labarin watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, abokan cinikinsa da suka karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi suka wayi gari da bashin da ya fi jarinsu. Tun daga ranar, in ji shi, bai ƙara yi wa kowa alkawari a kan farashin da ba shi ke yanke shi ba.

A zaɓen Yulin 2007 sunansa ya shiga jerin 'yan takarar jam'iyyarsa, ya zama ɗaya daga cikin mutum 180 da suke zama a majalisar ƙasa a Yawunde. Ni kuma na tashi daga teburin kanti na koma mai riƙe masa takardu.

Ba a gama murna ba ƙofar gidansa ta cika. Wannan ƙauyensu babu ruwan sha, wancan iska ta yaye rufin ajin 'ya'yansu, wani ɗansa ya gama karatu yana zaune, wata mijinta ya yi aikin gwamnati ya rasu kuɗin fanshonsa ya maƙale. A rana ta farko Alhaji ya aike ni kanti na ɗauko sabon littafi irin wanda muke rubuta bashi a ciki. Ya sa na ja layuka: suna, ƙauye, buƙata. Sai ya ce, “Ɗana, ƙara layi na huɗu. Rubuta: hannun wa take?”

Wannan layin na huɗu shi ne mafi girman abin da na koya a rayuwar aikina. Kowace buƙata sai an tantance mai ikon biyanta kafin mai ita ya tashi daga tabarma. Wata tana hannun Alhaji, ko daga aljihunsa ko daga ɗan kason da a lokacin ake ba kowane ɗan majalisa don ƙananan ayyuka a mazaɓarsa. Wata tana hannun magajin gari ko hakimin gwamnati na yankin. Wata tana can wata ma'aikata a Yawunde, abin da zai iya kawai shi ne ya bi takarda. Wata kuma ba ta hannun kowa a cikinmu. Kuma yakan faɗa wa mutum a gaban idonsa. Na ga dattijo ya zo daga nesa a kan keke yana neman a ɗauki ɗansa aikin kwastan, Alhaji ya ce masa, “Baba, wannan jarrabawa ake yi, ba ni nake gyara takardun ba. Kuɗin mota da na rajista suna wuyana. Cin jarrabawa kuwa tsakaninsa da Allah da karatunsa.” Dattijon bai tafi da fara'a ba. Amma bai sayar da akuyarsa yana jiran abin da ba zai zo ba, kamar yadda na ga an sa wasu sun yi a wasu ƙofofin.

Mutanenmu da yawa suna zaton ɗan majalisa in ya so sai ya miƙe a zaure ya ce a yi hanya, a yi. Tsarin mulkin 1996 bai ba shi wannan ba. A sashe na 18 an ce ba a karɓar shawarar doka daga ɗan majalisa in za ta ƙara wa baitulmali nauyi ko ta rage masa kuɗin shiga, sai in an nuna inda za a cike giɓin. Kusan duk dokokin da ake tattaunawa daga gwamnati suke zuwa. Sashe na 15 kuma ya ce kowane ɗan majalisa wakilin ƙasa ce baki ɗaya. Ka je ka faɗa wa matar da take tafiyar awa guda neman ruwa cewa wanda ta zaɓa wakilin mutanen Duwala ne shi ma. Ina ganin tana da gaskiyarta in ta ƙi saurara, domin a ƙofarta aka tsaya aka roƙi ƙuri'a. Tsakanin abin da takarda ta rubuta da abin da matar nan take jira, nan ɗan majalisar ƙaramin gari yake rayuwa, kuma nan yawancinsu suke fara ƙarya.

Sau uku a shekara muke tafiya zaman majalisa, a Maris da Yuni da Nuwamba, kowane zama ba ya wuce kwana 30. Mota daga Garwa, a hau dutsen nan mai lanƙwasa kafin Ngawundare, sannan jirgin dare har Yawunde. Doka ta ce sai mai iya karatu da rubutu da Faransanci ko Ingilishi zai tsaya takara, kuma Alhaji ya iya, amma Faransancinsa na firamare ne da na kasuwa. Hausa da Fulatanci ne harsunan da yake tunani da su. Don haka a cikin jirgi nake karanta masa daftarin dokoki ina juya masa su da Hausa, shi kuma yana tsayar da ni da tambayoyinsa uku da ba sa canzawa: nawa ne, wa zai biya, yaushe? In na kasa amsa ɗaya daga ciki, sai ya ce in sake karantawa, domin duk takardar da ta ɓoye ɗaya daga cikin ukun nan akwai abin da ba ta so a gani.

Zaman Nuwamba shi ne na kasafin kuɗi, kuma nan na ga amfanin idon ɗan kasuwa. Masu digiri suna ta muhawara a kan manyan manufofi, kuma ban raina wannan ba, ƙasa tana buƙatarsa. Shi kuwa Alhaji jerin ayyukan da gwamnati ta ware wa kuɗi yake nema. Mukan bi shi layi-layi muna neman sunayen ƙauyukanmu: aji biyu a nan, rijiyar burtsatse a can, ɗakin shan magani a wancan. Sai ya sa in kwafi shafukan, in mun dawo gida a kai wa kowane jauro, wato dagacin ƙauye, nasa, a karanta a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, har da adadin kuɗin. Daga ranar ɗan kwangila ya shiga uku. Ƙauyen da ya san an rubuta masa aji biyu ba ya karɓar ɗaya da rabi. Kuma Alhaji ya san farashin buhun siminti da na rodi da na kwano, ya san bulo nawa buhu ɗaya yake bayarwa in ba a cuci yashi ba. Yakan murza bulo da yatsa ya gane.

A nan wata jarrabawa ta same shi, domin shi ma mai sayar da siminti ne. 'Yan kwangila suka riƙa zuwa da dare suna cewa a kantinsa za su sayi kaya, ko nawa ya sa. Kowa ya san ma'anar wannan: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alhaji ya damƙa kantin ga ƙaninsa, ya kafa sharaɗi cewa ba a sayar wa duk wanda yake aikin da sunansa ke cikin littafinmu. Ƙanin ya yi fushi, kuma yana da hujja, don ciniki ne na halal ake kora zuwa kantin maƙwabci. Na ga wasu 'yan majalisa da suka shiga da mota ɗaya suka fito da jerin manyan motoci. Jarin Alhaji raguwa ya yi. Har yau in aka ce duk ɗan siyasa ɓarawo ne, raina yana ɓaci, domin ni na riƙe littattafan biyu, na kanti da na koke, na san abin da ya fita da abin da bai shigo ba.

Aikin da na fi alfahari da shi ba gini ba ne. Yara da yawa a ƙauyukanmu ba su da takardar haihuwa, don an haife su a gida kuma ba a kai sunansu ofishin rajista a kan lokaci ba. Yaro zai yi karatu har ajin ƙarshe na firamare, ranar rajistar jarrabawa a ce ya kawo takarda, babu. In wa'adi ya wuce kuwa sai kotu ta yanke hukunci kafin a ba shi, da shaidu da kuɗi da zirga-zirgar da manomi ba zai iya ba a tsakiyar damina. Nan karatun yara masu yawa yake tsayawa, musamman mata. Alhaji ya bi hanya har aka riƙa shirya zaman kotu na musamman kusa da jama'a, muka tattara sunaye makaranta-makaranta, ya ɗauki nauyin kuɗin takardu. Babu allon da aka kafa da sunansa a kan wannan, babu ranar yanka kirtani. Amma akwai malamai da ma'aikatan jinya a yau da ta wannan ƙofar suka wuce.

Akwai inda ban yarda da shi ba, kuma na faɗa masa. Kowace safiya yana raba kuɗi a ƙofar gida: na magani, na suna, na mota. Na ce, “Baba Alhaji, wannan rabon yana koya wa mutane cewa aljihu suka zaɓa. Wanda zai zo bayanka in malami ne mai albashi, yaya zai yi?” Ya ce ya ji, amma shi ba zai iya duban uwa da yaro mai zazzaɓi a goye ya karanta mata sashe na 18 ba. Har yanzu ina ganin rabon nan yana rufe wa talaka mai ilimi ƙofar majalisa, yana mayar da kujerar gadon masu kuɗi. Kuma har yanzu ban san abin da zan ce wa uwar nan ba in ni ne a kan tabarmar.

Abu mafi nauyi ya zo da wuri. A Fabrairun 2008 aka yi tarzomar tsadar rayuwa a Duwala da Yawunde da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. A watan Afrilu majalisa ta gyara tsarin mulki ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. Alhaji ya bi matsayin jam'iyyarsa. A jirgin dawowa ya daɗe bai yi magana ba, da na tambaye shi sai ya ce, “A kasuwa in ciniki bai yi mini ba, albarka nake cewa in naɗe kayana. A can babu albarka.” A nan na gane raunin attajiri a siyasa. Mutane suna zaton mai kuɗi ya fi kowa 'yanci, alhali kayansa suna bi ta kwastan, kantinsa yana gaban masu haraji, motocinsa suna kan hanyar da ke cike da shingaye. Yana da wuraren da za a matsa masa fiye da wanda ba shi da komai. Jam'iyyun da suke leƙa kasuwa neman ɗan takara sun san wannan sarai.

Da ambaliyar 2012 ta zo, kogin Binuwai ya cika ya batse, aka saki ruwan madatsar Lagdo, gonaki da gidaje suka nutse. Alhaji ya buɗe rumbunsa na masara, kafin kwana biyu buhuna sun isa makarantun da mutane suka fake. Takardun da ya rubuta a matsayinsa na ɗan majalisa kuwa sai da ruwa ya janye kafin a ga amsarsu. Wannan ya taɓa shi ƙwarai, ina jin a lokacin ne ya yanke shawara. An tsawaita wa'adin majalisar har zuwa zaɓen Satumban 2013, shi kuma bai nemi komawa ba. Ya koma kanti a mummunan lokaci: a 2014 rikicin Boko Haram ya kashe cinikin kan iyaka, Mubi kanta ta faɗa hannunsu a watan Oktoba, hanyar da ta yi masa arziki ta rufe na wani lokaci.

Kafin ya sauka ya ba ni aiki na ƙarshe. Na kwafe duk buƙatun da ba a biya ba, kowace da lambar takardarta da ofishin da ta tsaya, na kai wa wanda ya gaje shi, ko da yake ba su jituwa. Sannan na zaga ƙauyuka a kan babur ina faɗa wa kowane jauro inda maganarsu ta kwana da wanda za su tambaya daga yanzu. Mafi tsufa a cikin buƙatun ita ce ta wata ƙaramar gada a kan rafin da yake raba ƙauyuka uku da kasuwa da asibiti duk damina. Yanzu ina aiki da wata ƙungiyar manoman albasa, mutanen ƙauyukan nan suna cikin membobinmu, kuma gadar ba a yi ta ba. Bana ma na sake rubuta wa ɗan majalisarmu na yanzu, na haɗa masa da lambar tsohuwar takardar da sunan ofishin da take.