Na je Nashbil neman jita mai feda

Muna idar da sallar asuba a Atlanta, ɗan yayata ya ɗauko makullin mota ya ce, "Kawu, har yanzu kana kan bakanka?" Na ce masa ina nan daram. Bikin kammala karatunsa ne ya kai ni Amurka, amma tun kafin in bar Kaduna na ware dala 1,500 a wani ambulan daban, na ce wannan ba na tsaraba ba ne. Shekara goma sha biyu ke nan ina kaɗa jita a situdiyo, kuma akwai wani sauti da na daɗe ina bi ban kama shi ba. Tun ina yaro nake jin sa a kaset ɗin Sunny Ade da mahaifina ke sakawa a mota, wani kuka mai santsi da ke hawa yana sauka kamar goge, sai dai ya fi goge cika, kai ka ce goge uku ne a hannun mutum ɗaya. Sai da na girma na san Demola Adepoju ne ke fitar da shi daga wata jita da ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu kamar tebur, wadda Amurkawa ke kira pedal steel. Irin sautin ne kuma ke bayan muryar Don Williams, wanda gidajen rediyonmu suka sha saka mana da daddare.

Daga Atlanta zuwa Nashbil, birnin da ya yi suna da makaɗan irin wannan jita, kusan kilomita 400 ne, tafiyar awa huɗu in hanya ta yi kyau. Muka bi babbar hanya mai lamba 75 har Catanuga, daga nan muka karya yamma a kan mai lamba 24. Ba mu yi nisa da garin ba agogon wayata ya koma baya da awa ɗaya, don mun shiga yankin da lokacinsa ya bambanta. Muka ƙetare kogin Tenesi a inda ya buɗe ya zama tafki, sannan hanya ta fara hawan tsaunin Monteagle, tireloli na ta nishi a layin dama. Ɗan yayata ya tambaye ni me ya hana in yi oda ta intanet a kawo har ƙofar gida. Na ce masa wannan ba kayan da ake saye da hoto ba ne. Jitar hannu in ta samu matsala akwai mai gyara a Kaduna, akwai a Legas. Wannan kuwa in na kai ta gida, ni ne makaɗinta, ni ne bakanikenta.

Muka ci abinci muka yi azahar a titin Nolensville, unguwar da Kurdawa suka yi yawa, sannan muka gangara cikin gari. Titin Broadway mashaya ce jere da mashaya, ba wurin zamana ba ne, amma da rana ƙofofi a buɗe suke, kiɗa na kwararowa har bakin titi. Na tsaya a ƙofar Robert's Western World, ginin da a da shi ne shagon Sho-Bud, kamfanin ƙera irin wannan jita da Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa suka haɗa masa suna daga sunayensu. Dandalin makaɗa na daf da ƙofa, don haka na samu ganin abin da na zo gani. Mutumin na zaune, hannunsa na hagu riƙe da wani gajeren ƙarfe mai sulɓi yana zamar da shi a kan tsirkiyoyi, na dama da faratan ƙarfe biyu da na roba ɗaya a babban yatsa. Ƙafar hagu na taka feda, ta dama na kan fedar ƙara murya, gwiwoyinsa biyu na ture wasu 'yan madannai da ke rataye a ƙarƙashi. Masaƙi kawai ya tuna mini, yadda hannu da ƙafa ke aiki tare, fuska kuma shiru kamar ba abin da ke faruwa.

Zamar da ƙarfe a kan tsirkiya daga Hawayi ya samo asali. Abin da ya sauya komai shi ne a 1953, lokacin da Bud Isaacs, yana kiɗa a faifan mawaƙi Webb Pierce, ya taka feda alhali tsirkiyar na cikin kuka, aka ji wasu muryoyi sun tashi sauran na tsaye. Wannan tashin shi ne dukkan abin da mutum ke biyan kuɗi dominsa. In feda ta ja tsirkiya ba ta kai ta daidai ba, ko ta sake ta ba ta dawo inda ta baro ba, to tebur kawai ka saya.

Washegari muka fara da wata talla da na gani ta dala 700, a wata unguwa kudu da gari. Mai ita ya fito da ita daga gareji, ja ce mai ƙyalli, tsohon samfurin 'yan koyo, feda uku da madannin gwiwa ɗaya. Gaskiya zuciyata ta tafi, don har na fara lissafin abin da zan yi da canjin. Na jona na'urar saiti, wadda allurarta ke tsayawa tsakiya in muryar tsirkiya ta yi daidai, na daidaita tsirkiyoyi goman, na tura madannin na sake. Allurar ba ta dawo tsakiya ba. Na sake gwadawa sau biyar, kowane karo da inda take tsayawa. Na durƙusa na leƙa ƙasa, na ga ƙarafan an like su yadda ba wurin ƙara wani madanni. Mutumin bai ɓoye mini komai ba, ya ce shi ma da ɗoki ya saye ta, bayan 'yan watanni ya gane darussan da yake bi suna bukatar madannan da ba shi da su, ya mayar da ita akwati. Na yi masa godiya muka fita. A mota ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai rabin kuɗinka ne." Na ce masa araha ba ta ado.

Da la'asar muka isa wurin wani dattijo mai gyara a arewacin gari, wanda wani makaɗi ya kwatanta mana. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan gida, ƙamshin mai da ƙarfe, rodi-rodi sirara rataye a bango kowanne da lambarsa. Da na gaya masa inda zan kai jitar da kuɗin da ke hannuna, bai kunna amfilifaya ba. Ya ɗauko wata ya kife ta a kan benci, ya ce, "Ɗana, daga nan ake sayen ta."

Awa biyu muka yi a kan cikin jitar nan. Ya nuna mini yadda feda ke jan dogon rodi, rodin ya juya wani ƙarfe da ya gitta, shi kuma ya ja wani siririn rodi da ke tafiya har ƙarshen jita, inda kowace tsirkiya ke da nata ɗan yatsan ƙarfe da ke miƙe ta ko ya sassauta ta. A can ƙarshen akwai ƙananan notina na roba, da su ake saita iyakar inda kowace feda za ta kai murya. Ya sa na riƙa taka feda a hankali da hannu, idona a kan ƙarafan. Ya ce in duba abu uku: ko akwai wasa kafin rodi ya fara ja, ko akwai inda yake gogar ɗan'uwansa, da kuma ko fedar na tsayawa cak a ƙarshe ko kuwa tana lotsawa kamar an taka katifa. Wadda ke lotsawa, in ji shi, ba za ta taɓa ba ka murya ɗaya sau biyu ba.

Sannan ya tayar da ita muka jona na'ura. Saitin da ake kira E9 ne, wanda kusan duk kiɗan Nashbil ke kansa. Feda ta farko na ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, ta biyu na ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Ya ce in kaɗa ta 4 ita kaɗai, wadda fedojin biyu ba su taɓa ta, in taka su tare in kalli allura. Ta ɗan sauka kaɗan. Na ɗago na dube shi. Ya ce kowace jita na yin haka, har masu tsada, don in an ja tsirkiyoyi huɗu lokaci guda dole jikin ya ɗan rusuna. Abin dubawa shi ne ko saukar ta kai kunne ya ji. Wannan ba ta kai ba. Sai gwajin da ya kayar da jar jitar safe: na sauke tsirkiyoyin E da gwiwa, na sake. Allura ta dawo tsakiya. Na maimaita har sau ashirin, dattijon na tsaye bai ce uffan ba, kowane karo tana dawowa.

A nan ne zaɓi ya yi mini wuya. Yana da wata tsohuwa mai wuya biyu, tsirkiya ashirin, feda takwas, katako mai fenti kamar madubi, ya ce zai iya bar mini ita a abin da ke ambulan ɗina don tana bukatar aiki. Muryarta ta fi kauri, ta fi daɗewa a iska, wannan ba gardama. Ɗayar kuwa, wadda muka gwada, baƙa ce lulluɓe da famika, wuya ɗaya, feda uku, madannai huɗu, an yi amfani da ita 'yan shekaru, dala 1,200. Tsarin fedojinta a kafe yake daga masana'anta, ba a sauya shi, kuma saboda rashin nauyi takan ɗan motsa in ka tura gwiwa da ƙarfi. A lokacin, sababbi na ƙwararru daga wajen dala 3,000 suke farawa zuwa sama, don haka ban ma kalli wajensu ba.

Na ce masa ina tsoron kafaffen tsarin nan, tunda irinsa ne ya hana ni sayen ta safe. Ya ce bambancin shi ne waccan an kafe ta a kan abin da bai isa ba, wannan an kafe ta a kan abin da malamai ke koyarwa da shi, kuma zan yi shekaru ban ƙure shi ba. Ya tuna mini cewa Lloyd Green, wanda ya yi kiɗa a faya-fayan Don Williams na farko, da kansa ya sa aka cire masa wuya na biyu aka sa matashin ɗora hannu a wurin, har Sho-Bud ta fitar da samfurin da sunansa a 1973. Daga nan ya jawo sikeli. Tsohuwar a akwatinta ta doshi kilo 40. Baƙar ta tsaya a 21, jirgi kuma 23 yake karɓa. Na tuna matakalar situdiyonmu, na tuna hunturu da yadda yake tsaga katako, na tuna cewa aikin da tsohuwar ke bukata ni kaɗai zan yi shi a ƙasar da ba mai sayar da ko noti ɗaya nata. Na ce a ba ni baƙar.

Sauran dala 300 a nan suka ƙare, kuma duk mai niyyar saye ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Ƙarfen zamarwa, farata, tsohuwar fedar ƙara murya, saitin tsirkiya huɗu, da dozin biyu na tsirkiya ta 3 ita kaɗai, mai kaurin .011, don ita ce aka fi ja kuma ita ce ta fi tsinkewa. Dattijon ya ƙara mini notinan roba da sifirin biyu da 'yar sifanar saiti kyauta. Amfilifaya ban saya ba, nasu na wutar 120 ne, namu 230, kuma muna da su a situdiyo. Kafin ya bar ni in tafi sai da ya sa na haɗa ta na kwance sau uku a gabansa: a kife take kwana a akwati, a ɗaura ƙafafu, a sa sandar feda, a maƙala rodi uku bisa lambarsu, sannan a ɗago ta a juya. A karo na uku ya gyaɗa kai, ya ce ɗigo ɗaya na mai ya isa kowace gaɓa, kada in cika, don mai da ƙura in suka haɗu sun fi rashin man illa.

A hanyar komawa dare ya same mu a gangaren Monteagle, inda aka tanadi wasu hanyoyin tsakuwa a gefe don tirelar da birkinta ya tsinke. Duk kwanar da muka sha sai na waiga bayan mota, ɗan yayata na cewa, "Kawu, tana nan lafiya."

Yau wata huɗu ke nan tana Kaduna. Ranar da na fara haɗa ta, mai ɗaukar sautinmu ya kwanta a ƙasa yana kallon cikinta, ya ce wannan ai keken ɗinki ne. Tsirkiya ta 3 ta tsinke sau biyar. Hannuna na dama har yanzu bai iya kashe muryar da ba a so da tsabta ba, kullum bayan isha'i ina ba shi awa ɗaya. Da hunturu ya shigo na ɗinka mata riga da yadi mai kauri, duk Juma'a kuma nakan kife ta in share ƙura da burushin fenti. Jiya da na gama na jona na'ura, na tura gwiwa na sake, allurar ta dawo tsakiya.