Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwatin da Ya Tsage Cikin Dare

A makon jiya mun tsaya ne a ranar da na ajiye aiki na dawo gida. Wata uku na yi ina zaman kashe wando, daga gado sai kujera, har uwargida ta fara cewa, "Malam, wannan zaman naka fa ya soma ba ni tsoro." Ana cikin haka iska ta kayar da wani icce a bayan gidanmu. Masu sara suka zo suka daddatsa shi, suka kwashe manyan, suka bar gungume huɗu a yashe. Na ɗaga ɗaya. Faɗinsa bai wuce santimita 15 ba, ɓawonsa da kaushi kamar bayan kada. Haka kawai raina ya raya mini cewa akwati ne a ɓoye a cikinsa.

Kayan aikina a lokacin zarto ne, da kurfi, da guduma, sai injin huda da na aro. Na yanke fai-fai ɗaya daga sama ya zama murfi, na yanke wani daga ƙasa ya zama gindi. Tsakiyar kuwa na yi ta huda mata ramuka kusa da juna, ina bi da kurfi ina fasa abin da ke tsakaninsu, har ta zama kamar ganga mara fata. Kwana tara na ɗauka, tafin hannuna duk ya yi bororo. Na mayar da gindin na liƙe da gam, na goge ciki da samfefa, ɓawon kuma ban taɓa shi ba, don shi ne kwalliyar abin. Uwargida ta karɓa, ta juya shi, ta zuba allurai da zarenta a ciki. Ba ta ce komai ba, amma a kan teburin falo ta ajiye shi, inda baƙi za su gani.

Bayan mako uku, cikin tsakar dare muka ji "ƙas!" kamar an karya busasshen reshe. Da gari ya waye na tarar gindin ya tsage daga tsakiya har baki, murfin ma haka, sai ka ce an yanke su da wuƙa. Allurai sun zube ta ƙasa.

Na kai wa wani tsohon kafinta da na sani. Na ce, "Baba, ina na yi kuskure?" Ya kanga akwatin a kumatunsa, ya ji sanyinsa, ya ce, "Yaro, ɗanye ka sassaƙa." Ni da furfurata nake amsa yaro, amma a gabansa yaron ne. Ya sa farce a ɗigon da ke tsakiyar fai-fain ya ce duk tsagar gungume daga wannan cibiyar take tashi.

Daga baya na zauna na karanta dalilin. Ɗanyen icce shaƙe yake da ruwa, a wasu itatuwan ma rabin nauyinsa ruwa ne. Ba ya fara ƙanƙancewa sai danshinsa ya sauko zuwa wajen kashi 30 cikin ɗari. Daga nan sai rigima ta tashi, domin ba daidai yake tsukewa ta ko'ina ba. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Ta kewayensa, wato bin zoben nan da ake gani a jikin yanka, tsukewar takan kai ninki biyu na wadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo. Kewaye na son raguwa, ciki ya ƙi ba shi hanya, dole wani wuri ya yage. Shi ya sa fai-fain da aka yanko a gicciye da cibiyarsa a ciki da wuya ya tsira. Ga shi kuma bakin yanka ya fi jikin gungume saurin fitar da ruwa nesa ba kusa ba, don haka masu sana'ar ke shafe bakunan da kaki ko fenti.

Na shafe sauran ukun da kakin zuma na jingine su a inuwa. Amma da na ji ƙa'idar masu katako cewa kowane kaurin santimita biyu da rabi yana son kamar shekara guda kafin iska ta busar da shi, sai gwiwata ta yi sanyi. Wanda ya ajiye aiki ba ya lissafi da shekaru haka sakaka.

Babban ɗana ne ya fitar da ni. Ya zo hutu ya ce, "Baba, zo ka ga wani abu," ya buɗe mini bidiyo a YouTube. Masassaƙan Suwidin da maƙwabtansu suna da tsohuwar dabara: da gangan suke aiki da ɗanyen icce. A rarake gungumen tun yana jiƙe, a fitar da cibiyar gaba ɗaya, a bar bango mai kaurin kamar santimita ɗaya. Sai a tsaga ɗan siririn layi a kewayen ciki, kusa da ƙasa. A yanko gindi daga busasshen katako, a fiƙe gefensa, a tura shi ya zauna a layin nan yana ɗan girgiɗi. Shi ke nan, sai a ajiye. Bangon na bushewa yana tsukewa, har ya damƙe gindin gam, ba ƙusa ba gam ɗin liƙi. Tunda babu cibiya, zoben yana da wurin da zai matse ba tare da ya yage ba.

Washegari na ɗauko gungume na biyu. Ɗanyen icce daɗin sassaƙa ne da shi, kurfi na shiga kamar a sabulu. Kowace safiya nakan girgiza akwatin a kunnena. Ranar farko gindin na ƙwal-ƙwal. Ranar ta huɗu ƙarar ta ragu. Ranar ta takwas na girgiza, shiru. Na sa manyan yatsuna biyu na danna da ƙarfi, ko gezau. Na fito tsakar gida ina kiran uwargida kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Murnar ba ta daɗe ba sai na fara ganin wani gari mai laushi yana taruwa a ƙarƙashinsa. Ƙwari ne a ƙarƙashin ɓawon nan da nake taƙama da shi, suna ci suna huda ƙananan ramuka. Zafi ne maganinsu. Ƙa'idar da ake bi wa katakon dakon kaya tsakanin ƙasashe ita ce zafin ya kai digiri 56 a ma'aunin Salshiyos har can cikin katakon, ya tsaya minti 30. Na saci jiki na sa akwatin a tandar kicin, wuta ƙasa-ƙasa. Ƙwarin sun mutu, kicin ɗin kuma ya kwana biyu yana warin jiƙaƙƙen icce. Uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ko dai ka nemi ɗakin aikinka, ko ni in nemi wani kicin."

Saura murfi. Bakin akwatin da ya bushe ya ɗan karkace, ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai, murfi uku na yanka babu wanda ya zauna. Yadda na yi da shi, da yadda garejin mota ya zama ɗakin aikin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.