Majalisar Birtaniya da maganar taimaka wa mara lafiya ya mutu: abin da ya tsaya min a rai

Ranar 29 ga Nuwamba 2024 majalisar wakilan Birtaniya ta yi wajen awa biyar tana muhawara kan ƙudurin da 'yar majalisa Kim Leadbeater ta kawo, wanda zai bai wa baligin da likitoci suka ce bai fi wata shida ya rage masa ba damar a ba shi maganin da zai sha ya mutu. Mutum 330 suka amince, 275 suka ƙi. Da aka dawo karatu na uku ranar 20 ga Yuni 2025 tazarar ta ragu sosai, 314 da 291, daga nan ya wuce zuwa majalisar dattawa ta Lords. Shekara goma kafin nan, a 2015, irin wannan ƙudurin ya sha ƙasa 330 da 118, kun ga ashe ƙasar ta sauya ba kaɗan ba.

Ni dai matsayina a fili yake, rai na Allah ne, Shi ya bayar kuma Shi zai karɓa, da ni ɗan majalisa ne da ba zan goyi baya ba. Amma wallahi ba zan raina waɗanda suka goyi baya ba, don na saurare su. Akwai waɗanda suka miƙe murya na rawa suna ba da labarin yadda wani nasu ya cika cikin azabar da allurar kashe zafi ta kasa kwantarwa, kuma zauren nan da aka saba ihu da shewa ya yi tsit, babu mai katse wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A dokar 1961 da ake aiki da ita duk wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa zai iya shan ɗaurin shekara 14, shi ya sa masu hali ke tafiya Dignitas, wata ƙungiya mai taimaka wa mutum ya mutu a Suwizalan, wasu su kaɗai ma don kar 'yan sanda su tsare iyalinsu in sun dawo. Wannan abin tausayi ne ko da wane ɓangare kake.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar alƙalai. Da farko abin da aka tallata ƙudurin da shi shi ne wai likita biyu za su duba, sannan alƙalin babbar kotu ya sa hannu, har ana cewa duk duniya babu mai tsaro irin wannan, kuma 'yan majalisa da dama a kan wannan alkawarin suka ɗaga ƙuri'a. Sai da aka shiga kwamiti a farkon 2025 aka cire alƙalin, aka sa kwamitin mutum uku, babban lauya da likitan ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jin daɗin jama'a, da kwamishina a samansu wanda zai zama alƙali ko tsohon alƙali. Tun kafin nan Sir James Munby, wanda ya taɓa shugabantar sashen iyali na babbar kotu, ya yi ta rubutu yana tambaya wai ina za a samo alƙalan, kuma me alƙalin zai yi in ba buga hatimi ba. Ga kotunan manyan laifuka na Ingila da Wales da shari'u sama da 70,000 a jibge suna jiran rana. To an koma kan likitocin ƙwaƙwalwa, su ma ƙungiyarsu ta fito a watan Mayun 2025 ta ce ba za ta iya goyon bayan ƙudurin a yadda yake ba, kuma cikin dalilanta har da cewa ba su da isassun likitocin da za su zauna a waɗannan kwamitoci.

Ana ta cewa za a ba su horo su gane in ana tursasa mutum. Horo abu ne mai kyau, amma mu duba abin da ya riga ya faru. Tun 2015 Ingila ta mai da danniya da juya mutum a cikin gida laifi, alƙalai kuma suna da makarantarsu ta horo da ke ƙarƙashin shugabancin alƙalan kansu, duk da haka a 2020 rahoton da ma'aikatar shari'a ta fitar da kanta ya nuna kotunan iyali na yawan rage girman cin zarafin da mata da yara ke kawo ƙara a kai. Wannan fa alƙalai ne da suka shekara suna wannan aikin. Kuma ita tursasawa ba kullum take zuwa da tsawa ba. Ku ɗauki tsohuwa tana kwance, 'yarta ta bar aiki tana jinya, tana jin ana lissafin kuɗin gidan kula da tsofaffi a falo cikin raɗa, ana maganar sai an sayar da gidan, babu wanda ya ce mata komai, kowa na mata murmushi, amma ta riga ta ƙudurce a ranta ta zama kaya. In ta zauna gaban mutum uku ta ce ni na zaɓa, wane horo ne zai nuna musu abin da ke cikin zuciyarta? 'Yar majalisa Diane Abbott, wadda ba malamar addini ba ce, irin wannan tsoron ta bayyana a zauren. Shabana Mahmood da Wes Streeting, ministar shari'a da ministan lafiya na wancan lokacin, wato mutum biyun da ma'aikatunsu za su aiwatar da dokar, duk ba su goyi baya ba, alhali firaministan lokacin Keir Starmer ya goya.

Daga nan sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce cibiyar komai. Gidajen jinyar masu ciwon ajali da suke kira hospis, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na kuɗinsu ne ke fitowa daga gwamnati, sauran sai sadaka da shagunan sayar da tsofaffin kaya da mutane masu gudun tara kuɗi. A kasafin 30 ga Oktoba 2024, wata guda kacal kafin muhawarar farko, ministar kuɗi ta lokacin Rachel Reeves ta ƙara harajin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15, ta kuma sauko da inda ake fara biya daga fam 9,100 zuwa fam 5,000. Asibitocin gwamnati an tanadar musu abin cike giɓi, amma hospis tunda ƙungiyoyin agaji ne sai aka bar su da nauyin. 'Yan Lords sun nemi a cire su, majalisar wakilai ta ƙi. Gaskiya ne gwamnati ta sanar da fam miliyan 100, to amma na gini ne da kayan aiki, ba na albashin nas ba, kuma gado ba ya jinyar kowa in babu nas a kusa da shi. Ni ban ce kar a karɓi haraji ba, ƙasa ba ta tafiya sai da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce wa mutum ga zaɓi biyu, alhali ɗayan yana layi babu gado, ɗayan kuma doka ce za ta tabbatar ya samu. Mutanen Kanada sun fara a 2016 da waɗanda ajalinsu ya kusa, zuwa 2021 sun buɗe wa waɗanda ba su kusa mutuwa ba. Masu goyon baya sukan ce a duba jihar Oregon ta Amurka da ta riƙe sharaɗin wata shida tun 1997, kuma wannan hujja ce da ya kamata a saurara, sai dai babu majalisar da za ta iya ɗaure hannun ta gaba.

Sai makamai. Wannan majalisar da ta zubar da hawaye kan ran mara lafiya guda, ba ta kaɗa ƙuri'a kan lasisin sayar da makamai, minista ne ke yankewa ya zo ya sanar. Ranar 2 ga Satumba 2024 David Lammy, ministan harkokin waje a lokacin, ya miƙe ya ce an dakatar da kusan lasisi 30 cikin kusan 350 na Isra'ila saboda akwai haɗari bayyananne a yi amfani da kayan wajen keta dokar yaƙi a Gaza, amma aka bar sassan jirgin F-35 da ke shiga rumbun haɗaka na duniya, jirgin da Birtaniya ke ƙera wajen kashi 15 cikin 100 nasa. Ƙungiyar Al-Haq ta Falasɗinawa ta kai ƙara, a ƙarshen Yunin 2025 babbar kotu ta ce wannan hurumin gwamnati ne wadda majalisa ke sa wa ido, ba na alƙalai ba. Kwana goma kenan bayan ƙuri'ar ƙudurin Leadbeater. Haka aka yi da Saudiyya kan yaƙin Yaman, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2019 an saɓa doka wajen ba da lasisi, a 2020 aka ce an sake dubawa aka ci gaba da sayarwa. Kotu ta ce majalisa ce mai sa ido, to ina muhawarar awa biyar ɗin, ina ƙuri'ar da kowa zai bi abin da zuciyarsa ta faɗa masa ba umarnin jam'iyya ba?

Da ƙudurin ya isa gabansu na so in ga 'yan Lords, da yake cikinsu akwai tsofaffin alƙalai da likitoci, sun tsaya kan a fara tabbatar wa kowane mai ciwon ajali kulawar kashe zafi da gadon jinya a doka, da kuɗinta a rubuce, kafin a buɗe wannan ƙofar. Ƙudurin da kansa ya ba da har shekara huɗu kafin a fara aiki da shi, kenan akwai lokacin yin hakan in ana so.