Zogalen Auta ya sha sanyin Manchesta

Lahadi, da dare

Wajen tara na safe ina tsaka da dama wa yara koko sai ga kiran bidiyo daga Auta, su can Ingila takwas ke nan tunda yanzu mun fi su da awa ɗaya. Ko gaisawa ba mu gama ba ta juya kyamara, "Yaya kalli abin da sanyi ya yi min." Zogalenta ne fa, wanda ta shafe wata bakwai tana lallaɓawa a robar fenti, ganyen duk ya yi baƙi ya langaɓe kamar an tafasa za a yi kwaɗo. Aikin dare ta yi ta manta ba ta shigo da shi ba, sanyi ya sauka ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a kan ciyawar bayan gidan fari fat. Wallahi da na ji muryarta na rawa nima sai da idona ya ciko, don na san ba ganyen ne damuwarta ba, busasshe ai ana samu a shagunan 'yan Afirka. Irin na bishiyar tsakar gidanmu ne ta Gwammaja, wadda Baba ya dasa, Allah ya jiƙansa.

Yarinyar nan ta sha wahala a kan shukokin nan. Tun Afrilu ta zuba iri a gwangwanaye ta jera a bakin taga, ba ta fitar da su waje ba sai ƙarshen Mayu, wai kafin nan sanyin dare yana iya dawowa ya kashe komai. Alayyahu ya yi mata kyau sosai har ta ba maƙwabta. Kuɓewa kuwa guda uku rak ta tsinka duk shekarar, ita zafi take so tun daga ƙasar da aka binne irin. Wadda ta fi ba ni mamaki yakuwa ce, ta yi tsawo ta yi ganye sun sha miya, amma ko fure ɗaya ba ta yi ba balle a yi zancen soborodo. Ashe yakuwa sai wuni ya gajarta take fure, shi ya sa namu yake nuna bayan damina. Mu nan Kano wuni bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, su ko a watan Yuni ya kan kai kusan awa 17, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, to kafin wunin ya dawo daidai yadda take so sanyi ya riga ya shigo. Ni da na tashi ina ganin yakuwa a kowane kango ban taɓa sanin haka ba sai a bakin Auta.

Bayan azahar na hau adaidaita na tafi gida don na san Umma ce maganin abin. Na kira mata ita, Umma ta karɓi wayar ta kafa ta kusa da hancinta yadda ta saba, ta ce "ke Auta share hawayenki, zogale ba ya mutuwar farat ɗaya." Ta tuna mata yadda ake sare reshe a kafa shi a danga ya tsiro. Ta ce ta yanke duk inda ya yi baƙi ta bar kamar kamu ɗaya, ta kankare ɓawon da farce, in ta ga kore to da ransa, ƙarfinsa na cikin saiwar nan mai kauri. Ni kuma na ƙara mata da ta rage ban ruwa sosai, ƙasa mai sanyi ga jiƙa ita ke ruɓar da saiwa, kuma kar ta manna shi jikin hita, ta nemi tagar da ta fi samun rana ko da yake yanzu kafin huɗu da rabi duhu ya yi musu.

Muna zaune iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya ɗan sauko, Umma har ta sa a ɗauko mata suwaita, bishiyar Baba kuwa ko a jikinta, ga 'ya'yan sun bushe suna reto. Na sa almajirin gidan ya kaɗo min, muka zauna muka ɓare da Umma, tana zaɓar masu nauyi tana watsar da na banza, ta ƙulle a leda ta ce ko da wancan bai tashi ba a sake gwadawa in sanyinsu ya wuce.

Bayan isha'i Auta ta turo hoto. Ta yanke shi, ta kankare gindin, ga kore nan shar a ƙarƙashin ɓawon. Na tura wa Umma duk da na san ta yi barci, da safe ta gani. Ledar irin tana cikin jakata, kar na manta na cire ta kafin yaran nan su ɗauka gyaɗa ce.